Ɗan Superman da Tambayar Asali a Zango

 

Yau zancen yara na kawo, amma da manya nake so in yi shi. Zan yi magana a kan wani yaro da ba a taɓa haifa ba sai a takarda, sunansa Jon Kent, ɗan Superman. Na san akwai dattijon da zai ce, haba, duk abin da ke damun unguwa, ga kwata ta cika, ga samari babu aikin yi, ga kuɗin haya ya fi ƙarfin talaka, sai zanen Turawa za a cika mana kunne da shi? Baba, a ba ni aron kunne na ɗan lokaci. Ranar Laraba in ka ratsa kasuwar Nima a nan Akra, ɗaga kai ka dubi jakunkunan makaranta da aka rataye a bakin shaguna, ka dubi ƙirjin ƙananan riguna in an kwance dilar gwanjo. Jan harafin nan da ke cikin garkuwa mai ruwan ɗorawa yana nan birjik. Jikanka ya san mai wannan tambari, ya san matarsa, ya san ɗansa, ya san abin da ke karya masa lago, kuma ba a gida ya koya ba, ba a makarantar allo ba. Abin da ya zauna daram a kan yaro haka, ya kamata babba ya leƙa ya ga ko mene ne.

In ka zauna kusa da samari a majalisarsu da daddare, ana dafa ataya, waya ɗaya tana yawo daga hannu zuwa hannu, za ka ji musun nan iri biyu ne. Na farko, shin ɗan ya kai uban ƙarfi? Na biyu, tunda uwarsa mutum ce kamar kowa, shi ɗan ina ne? Tambaya ta biyun ita ta sa na zo da wannan batu, domin mu mutanen Zango mun daɗe ana yi mana ita.

Bari mu fara daga uban. A labarin, akwai wata duniya mai suna Kirifton, ranarta ja ce. Wani masani mai suna Jor-El ya gano cewa duniyar za ta tarwatse, manyan ƙasa suka ƙi saurarensa. Sai shi da matarsa Lara suka sa jaririnsu a cikin ɗan ƙaramin kumbo suka harba shi sama. Kumbon ya faɗo a wata gona a jihar Kansas ta Amurka, wani manomi Jonathan Kent da matarsa Martha, waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba, suka tsince shi, suka raɗa masa suna Clark. Masu nazari da yawa sun lura da yadda wannan ya ɗauko ƙamshin ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, jaririn da aka sa a akwati aka miƙa wa ruwa.

Ga wani abu da yara da yawa ba su kula da shi ba. Da a ce Kirifton ba ta fashe ba, ya girma a can, da mutum ne kamar kowa, ya yi tuntuɓe ya fasa yatsa. Ƙarfinsa daga hasken ranarmu yake, jikinsa yana zuƙe hasken yana tarawa. Da shi yake tashi sama, harsashi ba ya huda shi, idonsa na gani har hanji kuma yana fid da wuta, numfashinsa na daskarar da ruwa, kunnensa na jiyo kukan yaro daga wata uwa duniya. Abin da ke kayar da shi kuwa ɓarɓashin dutsen garinsu ne, wani koren dutse da ake kira kiriftonait, sai kuma sihiri. Wato jinin daga can yake, amma baƙunci ne ya fito da abin da ke cikin jinin.

Waɗanda suka ƙago shi ma 'ya'yan baƙi ne. Jerry Siegel da Joe Shuster, dukansu an haife su a 1914, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Turai. Siegel a birnin Cleveland aka haife shi, Shuster kuwa a Toronto ta Kanada, iyayensa suka koma Cleveland yana yaro. Mahaifin Siegel kantin tufafi yake da shi, a 1932 ɓarayi suka shiga kantin, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Bayan shekara shida, a 1938, mujallar Action Comics ta fito da mutumin da harsashi ba ya ratsawa, mai sunaye biyu, ɗaya na gida, Kal-El, ɗaya na zuwa wurin aiki, Clark Kent. Duk ɗan Zangon da ake kiransa da wani suna a gida, a rubuta masa wani a rajistar makaranta, ya san wannan rayuwa ciki da bai.

To, ɗan fa? Shekara da shekaru kamfanin DC mai buga labaran Superman yana wasa da batun a labaran gefe, har fim ɗin Superman Returns na 2006 ya nuna wani yaro mai fama da asma wanda ya tunkuɗa katon piyano a kan wani mugu don ya ceci uwarsa. Amma Jon Kent da muke magana a kansa, marubuci Dan Jurgens ne ya kawo shi a 2015. Cikakken sunansa Jonathan Samuel Kent. Ya ci sunan kakanninsa biyu, Jonathan manomin da ya riƙi ubansa, da Samuel Lane, janar ɗin soja mahaifin uwarsa, 'yar jarida Lois Lane. Ko a nan Zango, yaron da ya ci sunan kaka ba a faye kiran sunan gatsal ba, sai a ce Baba ko Abba. Su ma can sun san darajar wannan.

A labarin farko, an samu cikinsa ne a shekarar da aka kulle wani birni a ƙarƙashin wata ƙubba, ƙarfin Superman ya ɗauke gaba ɗaya ya zama mutum kamar kowa. Bayan haihuwa sai iyayen suka ɓuya. Suka canza sunan gida, suka zauna a karkara, uban yana taimakon mutane a ɓoye. Yaron ya kai wajen shekara goma bai san ko wane ne ubansa ba. Ranar da asiri ya tonu, miyagu ne suka kulle shi da uwarsa a wani ɗaki suka cinna wuta, ya kama hannun ƙofa da ya yi jajir da zafi, bai ƙone ba.

Inda labarin ya fi kama ni shi ne abin da Peter Tomasi da Patrick Gleason suka rubuta a 2016. Iyalin suna zaune a gona. Jon yana da kyanwa, wata rana shaho ya sure ta ya yi sama. Yaro ya bi da gudu yana ihu, ransa ya ɓaci, sai wuta ta fito daga idonsa karo na farko. Ta ƙone shahon, ta ƙone kyanwar. Ya durƙusa a cikin ciyawa yana kuka, ya koma gida ya kasa gaya wa kowa. Ku lura, aikin farko da wutar idonsa ta yi, ɓarna ce, kuma a kan abin da yake ƙauna. Ba a jima ba kuma ya faɗo daga reshen bishiya ya suma, shi da ubansa ke tare jirgin ƙasa da ƙirji. Ƙarfin nasa zuwa yake yana ɗaukewa, yau ya ɗaga mota, gobe ya gurje gwiwa jini ya fito. Marubutan sun ce saboda gaurayen jini ne, har wasu a cikin labarin suna hasashen in ya girma zai iya wuce ubansa. Daga baya ya iya tashi sama, ya samu duk abin da uban ke da shi, a 2023 ma aka ƙara masa wani ƙarfi na lantarki mai shuɗin haske wanda ke tasowa in ransa ya ɓaci. Ga amsar musu na farko ke nan, samari, sai ku raba gardama.

Yanzu ga musu na biyu. A wannan labari na 2016 wani mutum-mutumi ya bayyana, ana ce masa Eradicator. Tun a Kirifton aka ƙera shi, aikinsa guda ɗaya ne, ya tsare tsarkin jinin Kirifton. Da ya duba Jon sai ya ce an gurɓata irin, akwai jinin ɗan Adam a ciki. Maganin da ya kawo shi ne ya haɗiye yaron, ya tace shi, ya zubar da rabin uwarsa, ya bar rabin ubansa. Superman ya tare shi, faɗa ya kai su har duniyar wata. Ita kuwa Lois, wadda ba ta da ƙarfin komai, ta tarar da wasu sulken yaƙi na Batman, ta saka, ta shiga tsakanin dodon da ɗanta.

Jama'a, wannan mutum-mutumi mun san shi. Ba ƙarfe ba ne a wurinmu, wani lokaci yana zaune ne a bayan tebur da biro a hannu. Saurayi ya je wani ofishi neman takardar shaida, an haife shi a Mamobi, an haifi uwarsa a Mamobi, yana jin Ga, yana jin Twi, Turancinsa ya fi na mai tambayar. Mai tebur ya dubi sunan, ya ga Abdullahi ko Fusaini ko Zakari, ya ajiye biron, ya ce, to amma ainihin garinku fa? Saurayi ya ce Nima. A ce masa Nima ba gari ba ne, kawo garin kakanka. Na ga yaro a irin wannan layi yana juya takardar haihuwarsa a hannu, ta tsufa har ta fara rabewa a wurin ninki, an manne ta da salatif, yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata. Alhali tsarin mulkin 1992 ya faɗa ƙarara cewa wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, shi ma ɗan Gana ne.

Dattawanmu sun ga wanda ya fi wannan. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya bar ƙasar. Aka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, manyan motoci suka yi ta kwasar mutane zuwa iyaka. A cikinsu akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Sakkwato ko Gao ko Ogbomosho ba sai a bakin kakanni. Da suka isa can, aka ce da su 'yan Gana. Sannan a 1983 reshe ya juye da mujiya, gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya daga Najeriya. Duk wanda ya sha wannan ya san zafin a ce maka rabinka na nan ne, rabinka na can, don haka babu inda kake da cikakken gurbi.

Kuma wannan zama namu ba na jiya ba ne. Fataken goro sun yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga tun kafin Turawa su ja layin iyaka. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya yi zamansa yana karantarwa har ya rasu a 1934. A nan Akra, Malam Naino ya kafa Zangon Malam a 1881, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango. Nima kuwa Malam Amadu Futa ne ya karɓi filinta daga gidan Odoi Kwao a 1931, shekara 26 kafin a sa wa ƙasar nan suna Gana. A tsawon wannan zama an yi auratayya da Ga da Asante da Fante da Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa. In za a tace jinin Nima a zubar da rabi, ban san wa zai rage ba.

Mu Hausawa ma, da wane labari muke buɗe tarihinmu? Baƙo ne ya zo daga gabas, Bayajida, ya sauka a Daura da dare, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, ya je rijiyar Kusugu ya sare kan macijiyar da ta hana mutane ɗiba. Ya auri sarauniya Daurama, 'yar gari, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida, da Biram, su ne Hausa Bakwai, kowa da abin da aka ba shi: Kano da Rano rini, Katsina da Daura kasuwa, Gobir yaƙi. Baƙo mai ƙarfi, da mace 'yar ƙasa, da ɗan da ya haɗa biyun. Ba Bayajida ake cewa ya haifi ƙasar Hausa shi kaɗai ba, ta kan Bawo abin ya bi, shi da ake iya yi wa gorin uba baƙo. Don haka yaron Nima da ya tsaya a kan labarin Jon Kent bai ɓata hanya ba, ya shinshino wani abu ne da ya yi kama da na gidansu.

Akwai kuma ɗaya nauyin, na zama ɗan wane. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Magana ce mai daɗi a bakin mai faɗa, amma ku tambayi ɗan barewar. A nan Gana mun ga yadda ake yi da 'ya'yan Abedi Pele, gwarzon ƙwallon Afirka sau uku a jere, daga 1991 zuwa 1993. Ɗansa André Ayew ya ɗaga kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Masar a 2009 yana kyaftin, duk da haka in ya ci ƙwallo a ce jini ne, in ya zubar a ce don ubansa ake sa shi. Shi da ƙanensa Jordan sun shekara da shekaru suna ɗauke da wannan kaya. Mohammed Kudus kuwa, da ya taso daga filayen ƙasa na Nima ta kan ƙungiyar Strong Tower, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Katar a 2022, babu wanda ya auna shi da wani. Haka ɗan liman, haka ɗan sarkin Zango, haka 'yar babbar Hajiya mai sayar da wake da shinkafa da aka san sunanta har Kumasi. Kuskuren da ɗan kowa zai yi a manta, in su suka yi sai ya zama labarin unguwa.

Masu rubuta waɗannan labarai sun juya wannan batu ta fuskoki da yawa. A shirin talabijin na Superman & Lois, wanda aka yi daga 2021 zuwa 2024, tagwaye aka ba shi. Kowa ya zaci ƙarfin zai fito a jikin Jonathan, ɗan wasa mai farin jini, sai ya fito a jikin Jordan, mai shiru-shiru da fargabar shiga mutane. Shi kuma ɗaya ya daɗe yana kallon uban yana fita da ɗan uwansa koyon tashi sama, shi an bar shi a gida. Iyaye, wannan hoton gidajenmu ne. Wani ɗan ya haddace izu sittin, wani ya tsaya a gyaran babur, a riƙa gabatar da na farko ga baƙi, na biyu a aike shi sayo ruwan leda. Batman kuwa ba shi da ƙarfin komai da zai gadar, ɗansa Damian, wanda Grant Morrison ya fito da shi a 2006, a hannun dangin uwarsa ya tashi, ƙungiyar makasa, yana ɗan shekara goma ya iya kisa. Aikin uban gaba ɗaya ya koma kwance wannan tarbiyya zare bayan zare.

Sai Franklin Richards, ɗan Reed da Sue na Fantastic Four, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka kawo a 1968, kuma shi ne jaririn da fim ɗinsu na 2025 ya ginu a kansa. An ce yana iya ƙago duniyoyi da tunaninsa. A wani labari na 1973 ƙarfinsa ya tsorata ubansa har ya harbe shi da wata na'ura da ta jefa shi dogon suma, gidan ya watse a kan haka. A nan zan tsaya in ce wa iyaye, yaro ya ji irin wannan daga bakinku tun da wuri: halitta ta Allah ce shi kaɗai, wannan tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, a ji daɗinta a ce ƙurunƙus. Yaran da na sani sun fi mu gane wannan bambanci, amma faɗin ba ya ɓata komai.

Akwai abin da kamfanin DC ya yi wa Jon wanda har yau ban yafe ba. A 2018 sabon marubuci, Brian Michael Bendis, ya sa kakan yaron, Jor-El, wanda aka ce ashe bai mutu ba, ya zo ya ce a ba shi jikansa ya zaga da shi sararin sama ya koya masa asalinsa. Iyayen suka yarda ba da son ransu ba. A hanya yaron ya ɓace, ya faɗa hannun wani azzalumi mai kama da ubansa sak, wanda ya tsare shi shekaru a cikin dutse mai aman wuta, inda hasken rana ba ya isa. Da ya kuɓuta ya dawo gida a 2019, a lissafin iyayensa makonni kaɗan ne suka wuce, shi kuwa ya zama saurayi ɗan shekara 17. Masu karatu da yawa sun yi fushi, kuma ina tare da su, domin daɗin labarin shi ne uba da ɗa a gona, ana koyon riƙe fushi, ana koyon faɗin gaskiya a kan kyanwar da ta mutu. An yanke wannan don a samu jarumin da zai yi kasuwa da wuri.

Amma ko a cikin wannan ɓarnar akwai abin da ya taɓa ni. Gidaje nawa ne a Zango aka ba da yaro riƙo yana ɗan shekara tara, wai ya je ya san dangi ko ya yi karatu, ya dawo da gemu, uwarsa tana kallon fuskarsa tana neman yaron da ta sallama? Gidaje nawa ne saurayi ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, aka shekara ba labari, ya dawo ba ya son a tambaye shi abin da ya gani? Shekarun da suka tafi ba sa dawowa, ko ubanka na tashi sama.

A 2021 marubuci Tom Taylor, ɗan Ostireliya, ya ɗora wa Jon rigar uban gaba ɗaya. Cikin abubuwan farko da ya yi, ya hango wani jirgin ruwa maƙare da 'yan gudun hijira yana nutsewa, ƙasashe sun kau da kai don kada su ɓata da shugaban da mutanen suka gudo wa. Ya ɗauko jirgin ya kawo shi gaɓa. Da aka zo kama masu zanga-zangar goyon bayansu, ya miƙa hannunsa ya ce a haɗa da shi. Ubansa ɗan gudun hijira ne daga Kirifton, bai manta ba. Duk unguwar da ta taɓa yin zaman makoki babu gawa, saboda teku ta riƙe ta, za ta fahimci wannan shafi. A wannan jerin ne kuma, a watan Oktoba na 2021, kamfanin ya sanar cewa Jon zai yi soyayya da wani saurayi, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasashe da dama. Na faɗa ne don iyaye su sani cewa ba kowane littafi mai zane aka yi wa ƙaramin yaro ba. Ana rubuta shekarun da suka dace a bangon, a duba, a kuma zauna a karanta tare.

Magana ta ƙarshe da ku nake, ƙannena masu zane, ku da kuke cika bayan littafin lissafi da jarumai ana dukanku a kai. Hannu muna da shi a unguwar nan. Ga Moh Awudu, ɗan Nima, wanda zanensa ya hau bangaye a ciki da wajen ƙasar nan, ga ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da ta daɗe tana koya wa yara riƙe buroshi. A nan Akra kamfanin Leti Arts, wanda Eyram Tawia da Wesley Kirinya suka kafa a 2009, ya mayar da Ananse na tatsuniyar Asante jarumin littafin zane, kuma a 2018 ya fitar da Karmzah, jarumar da Farida Bedwei ta ƙago, mai lalurar da ke hana gaɓoɓi aiki sosai, wadda ƙarfinta ke cikin sandunan da take dogarawa. Asante suna da tatsuniyar 'ya'yan Ananse shida, kowa da baiwarsa, ɗaya mai hango masifa daga nesa, ɗaya mai shanye kogi, ɗaya mai jifa, suka haɗu suka ceto ubansu. Mu muna da Bawo, muna da madugan da suka ratsa daji da jakuna daga Kano zuwa Gwanja, muna da yaron da aka haifa a bakin babbar kwatar Nima mai harshe huɗu a baki. Ɗakin karatun nan na Nima da Mamobi a buɗe yake, akwai tebur, akwai fitila.

In kun zana, ku riƙe takardarku. Siegel da Shuster sun sayar da Superman ɗungurungum a 1938 a kan dala 130, su biyu suka raba. Da suka kai ƙara a 1947 suna neman haƙƙinsu, aka sallame su daga aiki, aka goge sunayensu daga mujallar. Shuster ya koma aikin kai saƙo a birnin Niyok, idonsa yana mutuwa a hankali. Sai a ƙarshen 1975, bayan 'yan uwansu masu zane sun tayar da ƙura a jaridu, kamfanin ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, ya kuma mayar da sunayensu a kan aikinsu. Suna da shekara 61 a lokacin. Kafin ku sa hannu a kowace yarjejeniya, ku kai ta wurin wanda ya san doka ya karanta muku, ku tafi da babba.

A nan zan dakata.